Dambun Inna a Dajin Beyar

Mount Hope

Sai da na shekara uku a New York kafin tafin ƙafata ya taɓa ƙasa ta gaskiya, mai turɓaya da tsakuwa. A unguwar Mount Hope ta Bronx muke zaune, hawa na biyar, cikin wani dogon gini da lif ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama. Maigidana, Baban Iman, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Ni kuwa duniyata ba ta wuce kicin da taga da hanyar makarantar 'yarmu ba. Iman na da shekara shida a lokacin. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayar da amsa, sai abu ya kai mata wuya Hausar ke fitowa.

A ƙarshen sanyin shekarar nan Allah ya yi wa mahaifiyata, Inna, rasuwa a Bichi. Takarduna ba su kammala ba, in na fita ba lallai in samu dawowa ba, don haka a waya na yi zaman makoki. Abin da ya rage min na hannunta shi ne gwangwanin yaji guda, wanda ta daka da kanta ta ba wata mata ta kawo min, a ɗaure cikin tsohon ɗankwalinta ruwan ƙasa. Na daina zuba shi a abinci. Sai dai in buɗe, in shaƙa, in rufe.

Anti Rifkatu ce ta lura da ni. Nas ce a asibitin su Baban Iman, Kirista 'yar Jos, ta girme ni sosai, kuma ita ta fara kai ni titin 116 inda ake samun daddawa da kuka. Wata Asabar ta hawo benenmu tana haki, ta same ni a inda ta bar ni makon jiya.

"Maman Iman, kin zama labule. Kullum a jikin taga."

"To ina za ni, Anti?"

"Daji za mu. Kwana biyu."

"Daji kuma? Mu da muka sha wuya muka zo birni?"

"Ke dai tashi. Turawa har layi suke yi su je su kwana a ƙasa. Ke da kika iya tun kina goye, ai ke za ki koya musu."

Baban Iman ya goyi bayanta, Iman ta hau tsalle a kan kujera, ni kaɗai ce ban so ba. Amma da na ga an yi min yawa sai na shiga shirin guzuri, don a gidanmu ba a tafiya sai da dambun nama. Na sayo naman halal, na dafa shi ya yi lugub, na daka a ɗan turmina a kan tawul ninki huɗu. Duk da haka sai da mutumin da ke ƙasanmu ya bubbuga silin da sandar shara. Da na zo suya sai na ɗauko gwangwanin Inna. Ƙamshin ya fara raguwa, na daɗe da lura. Na ce gara a ci shi a ƙarƙashin sararin sama, inda ya yi kama da tsakar gidanmu, da ya mutu a gwangwani. Na yi bisimilla na juye shi duka. Da dambun ya huce na zuba a roba mai murfi, na ɗaure da ɗankwalin.

Bakin daji

Mun yi kusan awa uku muna nausawa arewa a motar Anti, gine-gine suna raguwa har suka ƙare. A inda kwalta ta tsaya muka ajiye mota, kusa da wani ɗan ofishin katako na ma'aikatan gandun daji. A nan na ga allon. Hoton wata baƙar dabba ce a jiki, mai kauri, gajerun kunnuwa, ta ɗaga hanci sama.

"Anti, mece ce wannan?"

"Beyar. Maigidan dajin ke nan, mu baƙi ne."

"Ba ku gaya min da ita ba."

"Da mun gaya miki za ki zo?"

Na juya wajen Baban Iman, sai ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Anti ta tsayar da mu ta yi mana karatu kamar muna aji. Ta ce dabbar ba ta damu da mutum ba, gudunsa ma take yi, abinci kawai take bi, kuma hancinta ya fi na kare nesa ba kusa ba. Ta ce a inda za mu sauka akwai akwatin ƙarfe da dabbar ba ta iya buɗewa, kuma duk abin da ke da ƙamshi can zai kwana: abinci, shara, sabulu, man goge baki, har man leɓe. Girki nesa da tanti. Kayan da aka yi girki da su ba a kwana da su.

"Kuma ke," ta nuna ni, "na san akwai humra a jakar nan."

"'Yar kaɗan ce."

"'Yar kaɗan ɗin ma akwati. Tun daga Bronx nake jin ta, ni da ba beyar ba."

Ta ƙara da cewa in an haɗu da ita ba a gudu, don in ka gudu ka zama abin bi. Tsayawa ake, a ɗaga hannuwa a ƙara girma, a yi ta hayaniya.

Muka ɗora jakunkuna a baya muka kama wata siririyar hanya. Dajin da na sani a gida fili ne, kana hango kuka tun daga nesa, kana hango mai tahowa. Wannan kuwa itatuwa ne a cunkushe, dogaye, sun haɗa kai a sama har rana ba ta kaiwa ƙasa. Duk baƙin kututturen da na hanga sai gabana ya faɗi. Igiyar jaka ta ci min kafaɗa, ƙafata ta yi bororo, bakina bai daina addu'ar tsari ba. Iman kuwa waƙar makarantarsu take ta rerawa. Na ce ta yi shiru kada a ji mu, Anti ta ce a'a, a bar ta, so ake a ji mu.

Akwatin ƙarfe

Bayan kusan awa biyu muka iso wani ɗan sarari a saman tudu. Daga ƙasa can ana jin ƙarar rafi. Akwai masu tanti guda a gefe, wani dattijo Bature mai farin gemu da matarsa. Suka ɗago mana hannu, muka ɗaga musu. Baban Iman ya kafa tantinmu, Anti ta kafa nata ƙarami. Akwatin yana can nesa da tantuna, koren ƙarfe ne an kafe shi a ƙasa, girmansa kamar akwatin lefe biyu a haɗe. Guda ɗaya ne tak na duk wanda ya sauka a wurin.

Da muka ci abincin yamma, ni aka ba aikin kai kaya. Na cusa hannu a ramin mabuɗin kamar yadda Anti ta nuna min, ƙofar ta buɗe, wani wari ya bugo ni.

Kayan dattijon ne a ciki. Ledar shararsu a gefe, gwangwanayen giya a jere, sannan wani fakitin nama da aka fara ci, da hoton alade yana murmushi a jiki. Ruwan naman ya tsiyayo ya kwanta a ƙasan akwatin.

Ban ga laifinsu ba. Abincinsu ne, kuma sun riga mu zuwa. Na jera gwangwanayen kifinmu da shinkafa da biredi a can saman, a cikin leda biyu. Na saka sabulu, na saka man goge baki, na saka humrata. Sai robar dambu ta rage a hannuna, ɗaure da ɗankwalin Inna, matar da ko takalmi ba ta yarda a tsallaka kwanon abinci da shi. Na miƙa hannu, na dawo da shi. Na sake miƙawa. Na kasa.

Na yi tunanin in je in roƙi dattijon ya gyara kayansa. Amma da wane baki zan ce wa mutumin da ya yi min murmushi ɗazu abincinsa ƙazanta ne a wurina? Na yi tunanin in gaya wa Anti, sai na tuna ita ma Kirista ce, kada ta ji kamar da ita nake. Kunya ta rufe min duk ƙofofin. Sai na fara lallashin kaina: robar tana da murfi, zan ƙara leda uku, ga ɗankwali, ga addu'a. Wace dabba ce za ta ji ƙamshi ta cikin wannan duka?

Na cusa robar a ƙarƙashin hijabina, na rufe akwati, na dawo. Da na shiga tanti na tura ta ƙarƙashin jakar kayan da Iman ke matashi da ita, can jikin bangon baya.

Da na fito Anti na wanke tukunya.

"Kin saka komai?"

"Na saka."

"Har dambun da kike ta yi mana rowa?"

"Har shi."

Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar. Daren nan ban runtsa ba, kunnena na waje, amma babu abin da ya zo. Da gari ya waye lafiya sai na ji har ina ɗan raina tsoron nasu.

Wuni

Iman ba ta cin biredi da kifin gwangwani. Da safe ta ture shi, da rana ma ta ture. Bayan azahar ta fara ƙananan koke-koke na yunwa da gajiya, sai na ja ta cikin tanti na zuge zif, na kwance ɗankwalin. Ƙamshin ya cika tantin har hawaye ya zo min. Na ɗiba mata a tafin hannu, ni ma na sa kaɗan a baki. Inna ce sak. Citta a gaba, kanumfari a baya, da ɗan ɗacin nan na kimba da ba wanda ya iya auna shi sai ita.

"Na Inna ne," na ce mata a hankali. "Shi ke nan ya rage mana, daga shi babu wani. Kada ki gaya wa kowa yana nan, kin ji? Ko Anti, ko Baba. Sirrinmu ne."

Ta gyaɗa kai da gaske, irin na yaron da aka ba amana. Ta goge hannunta mai maiƙo a gaban rigarta, ban ma kula ba. Na mayar da robar, Iman ta kwanta, barci ya ɗauke ta. Na fito na zuge ƙofar saboda sauro.

La'asar

Baban Iman ya ɗauki jarkoki ya gangara rafi ɗebo ruwa. Anti na wajen murhu tana haɗa wuta. Ni kuma na yi alwala, na sa babban hijabina na salla mai kaiwa har ƙasa, na shimfiɗa darduma a kan wani faffaɗan dutse. Tantinmu na gefen hagu, taku talatin ko ƙasa da haka, ƙofarsa na kallon wajena.

A raka'a ta biyu na ji wani numfashi. Ba na mutum ba ne. Huci ne mai kauri, a gajarce, kamar ana hura wuta da mafici. Na ce a raina iska ce. Na yi ruku'u, na ɗago, sai idona ya sauka gefe ba da nufina ba.

Tana bayan tantin. Baƙa wuluk, ta fi wadda ke jikin allo girma, gadon bayanta ya kusa kai rabin tsayin tantin. Ta kafa hanci a jikin yadin, daidai inda kan Iman yake, tana turawa, yadin yana lotsawa ciki.

Ban san lokacin da na yanke salla ba. Ƙafafuna suka ɗauke ni da gudu, sai na ji an damƙe hannuna ta baya kamar da ƙarfe.

"Kada ki gudu," in ji Anti, muryarta ƙasa-ƙasa. "Tsaya nan kusa da ni."

"Iman na ciki."

"Na sani. Ɗaga hannunki."

Anti na riƙe da tukunya da ludayi. Ta shiga buga su tana daka wa dabbar tsawa da Turanci. Beyar ɗin ta ɗago kai ta dube mu da ƙananan idanu, kamar an dami mai aiki, ta mayar da hancinta inda yake. Sannan ta ɗaga hannu ɗaya ta dafa yadin. Na ga faratan, dogaye, masu lanƙwasa.

Anti ta daina bugu. Ba ta kalle ni ba, idonta na kan dabbar.

"Wannan ba wucewa take ba, akwai abin da take ji. Maman Iman, me ke cikin tantin nan?"

Na kawar da kaina gefe.

"Ba lokacin kunya ba ne. Me ke ciki?"

"Dambun."

"A ina?"

"Ƙarƙashin kanta."

Ta rufe ido na ɗan lokaci, ta ambaci sunan Ubangiji, ta buɗe. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Kira ta. Muryarki ta sani. A hankali, kada ki firgita ta. Ta buɗe zif ta rarrafo wajenmu."

Na kira ta. "Iman. Iman, 'yar albarka, tashi."

"Mama." Ashe idonta biyu. Muryar ƙarama ce, tana rawa.

"Buɗe ƙofa ki taho wajena da rarrafe. Kada ki waiwaya."

Sai ƙarar yadi yana yagewa daga baya, a hankali, kamar tela na tsaga atamfa. Zif ɗin gaba ya fara motsi, ya tsaya, ya sake motsi. Ƙofar ta buɗe rabi, na hango ta a durƙushe. Da hannu ɗaya take jan zif ɗin, shi ya sa yake cijewa. Ɗaya hannun ya rungume robar dambun a ƙirjinta, ɗankwalin Inna yana reto.

Ta ji abu na neman sirrinmu, sai ta ɗauke shi ta riƙe.

"In ta fito da shi, ita za ta biyo," in ji Anti.

"Iman, ajiye robar."

Ta girgiza kai. Da Hausa ta ba ni amsa, tiryan-tiryan. "Na Inna ne. Kin ce babu wani."

Ta bayanta na ga haske ya shigo tantin ta inda aka yaga, sai baƙin hanci ya toshe hasken.

"Na sani. Ni na ce, kuma ni nake cewa ki ajiye. Sake shi, Iman. Tura shi baya ki taho."

"Za ki yi kuka."

"Ba zan yi ba. Wallahi ba zan yi ba. Sake shi."

Ta dube ni, ta dubi robar. Sannan ta ajiye ta a hankali, kamar mai ajiye ƙwai, ta rarrafo waje.

Ta yi rabin hanya ke nan sai dabbar ta zaro kai daga yagar, ta zagayo gefen tantin. Ba robar ta nufa ba. Hancinta na sama, yana bin iska, yana bin yarinyar. Nan na tuna rigar, da hannun da ta goge.

Anti ta ce kada in gudu, ban kuwa gudu ba. Takawa na yi, taku ɗaya bayan ɗaya, har na wuce Iman na sa ta a bayana. Na kama gefe da gefen hijabina na ware hannuwa iya tsawonsu. Yadi ne mai yawa, iska ta shiga ta cika shi. Ni da ko a gidan biki ba a jin muryata, na buɗe maƙogwaro na yi kabbara da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Na sake yi. Na sake. Anti ta matso kafaɗa da kafaɗa da ni tana dukan tukunya, tana kiran sunan Yesu, ni ina kiran Allah, babu wadda ta saurara wa wata.

Dabbar ta tsaya. Tsakaninmu bai fi tsawon tabarma uku ba. Ina jin warinta, kamar jiƙaƙƙen bargo. Ta buga haƙora, ta yi huci, ta daki ƙasa da hannu. Na ji yatsun Iman sun kama zanena ta baya.

Sai wata ƙara ta tsaga dajin, kamar hon ɗin tirela. Dattijon nan ne ya taho da wani ɗan gwangwani mai ƙaho a hannu, matarsa na biye tana buga murfin tukwane. Beyar ɗin ta zabura ta ja da baya. Ta juya, ta zura kai ta ƙofar tantin, ta fito da robar a baki. Ba ta yi sauri ba. Ta shiga cikin itatuwa, ɗankwalin yana jan ƙasa a gefen bakinta, har duhun dajin ya haɗiye su.

A nan na zube, na jawo Iman, na cire mata rigar nan na yi jifa da ita, na lulluɓe ta cikin hijabina. Haka Baban Iman ya same mu, ya yar da jarkokin tun daga nesa, ruwa na malala a gangare.

Hanyar fita

Dattijon ya ce kada kowa ya sake kwana a nan, tunda ta samu sau ɗaya za ta dawo. Su ma dole suka naɗe tantinsu, hutunsu ya yanke saboda ni. Muna haɗa kaya matarsa ta tambayi Anti abin da ya sa abinci ya kwana a tanti. Anti ta dube ni, na gyaɗa mata kai, ta faɗa mata gaskiya.

Matar ba ta ɓata rai ba. Ta je ta buɗe jakar mijinta ta ɗauko wata baƙar roba mai kauri kamar ƙaramar ganga, mai murfin da sai an murɗa da dabara. Ta ce irin wadda ake zuba abinci ce in an je inda babu akwatin ƙarfe, ana ajiye ta nesa da tanti, dabbar ba ta iya fasa ta. Sabuwa ce, ba a taɓa sa komai a ciki ba. Tun jiya tana nan, taku kaɗan daga inda na tsaya ina shawara da kaina.

"Da kin yi magana, 'yata," ta ce, ta dafa kafaɗata.

Anti ta jira sai da muka kama hanya, Iman na goye a bayan babanta, sannan ta rage tafiya ta jera da ni.

"Kunyata kika ji?"

Na sunkuyar da kai.

"A unguwar da na tashi, maƙwabtanmu duk Musulmi ne. Uwata tukunya daban take da ita ta baƙi. Kina ganin ban san abin da ke ranki ba? Da kin ce min uffan, da a bishiya na rataye miki shi da igiya."

"Ki yafe min, Anti."

"Na yafe. Amma humrar nan na ƙwace, ladan tukunyata da ta lotse."

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta.

A ofishin katako muka sami wata ma'aikaciya tana shirin rufewa. Baban Iman ya fara yi mata bayani, na ji ya ce an manta da abinci a tanti. Don ya rufa min asiri ya faɗi haka, na sani. Amma na gaji da ɓoyo. Na tattaro Turancina na sakandare na ce mata ba mantuwa ba ce, ni na ɓoye shi da hannuna, bayan an gaya min. Ta rubuta, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce za su rufe wurin na wani lokaci, su sa ido a kan dabbar. Na tambaye ta me za a yi mata. Ta ce wadda ta koyi cewa akwai abinci a cikin tanti takan koma wa wani tantin, watakila na wasu masu yaro, kuma in ta yi ta komawa ba a barin ta da rai.

Baiwar Allah tana dajinta, ni na je na koya mata. Har yau ban san yadda ta ƙare ba, kuma nakan sa ta a addu'a.

Cikin mota

Anti na tuƙi, Baban Iman na gefenta. Iman na kwance a cinyata cikin rigar sanyin babanta, na ɗauka barci take. Mun fara hango dogayen gine-ginen Bronx ke nan sai na ji ta motsa.

"Mama."

"Na'am."

"Ki yi haƙuri." Da Hausa take magana har yanzu. "Na bar mata dambun Inna. Da na riƙe da kyau."

Na ɗago fuskarta da hannu biyu. Na yi mata alkawari ba zan yi kuka ba, don haka na haɗiye shi.

"Kin san abin da Inna za ta ce da tana nan?"

"Me?"

"Cewa za ta yi, wace sakarya ce ta ba yarinya gadin kwano."

Ta yi ɗan murmushi. "Ke ce sakaryar?"

"Ni ce."

Ta mayar da kanta cinyata. Na kama hannunta na dama na kai hancina. Duk wankin da aka yi masa a rafi, ƙamshin kimba da kanumfari yana nan kaɗan a tsakanin yatsun. Na riƙe hannun, da ɗuminsa, da jijiyar da ke bugawa a wuyansa, ban sake shi ba har muka tsaya a ƙofar gida.